Ƙanshin Kanumfari da Baƙin Mai

Zuhura, jirgin ƙarfe tara ya yi kuka,
'yan dakon Mkoani sun fara jidar buhuna.
Tsaya in sauke abin da na ɗauka a ciki
shekara bakwai, tun kina yawo da kitso biyu.

Ran da kika fara leƙo rumfata
da tsumman goge hannu na kore ki.
Na ce, "Je ki taya uwarki kwashe shanya,
ga kanumfari can baje a tabarma,
hadari kuma ya haɗo daga teku."
Kika tafi. Gari na wayewa kika dawo.
Na sake kora, kika koma kan tsohuwar taya,
daidai inda tsawata take ƙarewa,
kika zuba wa yatsuna ido
kamar mage a gindin kwandon kifi.

Har ranar da injin Makame Shauri ya ƙi tashi.
Kwana uku ina kwancewa ina ɗaurawa,
masunta tsaye a kaina,
ruwa ya janye ya dawo har na daina ƙirgawa.
Sai ga siririyar murya daga kan taya:
"Baba Kombo, ba tari yake ba, shaƙewa yake.
Duba bututun mai, inda ya lanƙwashe."
Rumfa ta kwashe da dariya, har da ni.
Na duba don a wuce wurin.
Tsakuwa ce, ba ta kai ƙwayar gero ba.
Ranar na san kunne ba ya jiran gemu.

Ba zan shafa miki zuma a baki ba.
Can makarantar jiragen ruwa ta Darussalam
in kin ce a miƙo sifana
wani zai miƙo miki tsintsiya.
Wani zai ce hannun da ya sha baƙin mai
lalle ba ya kama shi.
Lissafi zai kayar da ke, wataƙila sau biyu.
Dare zai zo da kewar shinkafar kwakwa
har ki fara tambayar kuɗin jirgin Pemba.
Ki yi kukanki, ki wanke fuska,
ki koma aji da safe.

Ni ma na so tuƙa babban jirgi.
Na karɓo takarda, na cike ta da biron aro.
Tana nan cikin gwangwanin madara,
kyankyasai sun cinye rabin sunana.
Babu wanda ya tare mini hanya, Zuhura.
Ni na ce bari kakar kanumfari ta wuce.
Kaka ta wuce, wata ta zo,
ga shi yau ni ake ce wa kaka.

Mwanaidi ba za ta zo rakiya ba.
Ta ce hayaƙin jirgi yana sa ta hawaye.
Buhu huɗu ta sayar, har da na ajiyar damina,
don haka kada ki tambaye ta ko ta yarda.

Ungo wannan. Lamba goma sha uku ce,
bakinta ya ɗan ci, sai kin karkata hannu.
Ita na riƙe ranar da kika kunyata ni.
Sa ta ƙasan jaka, kusa da ƙullin kanumfarin,
su saba da ƙanshin juna.

Wata rana jirgin nan zai tsaya cik a tsakiyar ruwa,
da mai naƙuda a ciki, da ɗalibai, da buhunan mutane,
a ce, "Ina injiniya?"
Ina so in ji labarin wadda ta sauka ɗakin inji
tana naɗe hannun riga.

Hau, sun fara janye tsani.
Kada ki waiwayo, babu abin kallo,
tsoho ne da rumfar kwano.
Sai dai tayarki ba ta huta ba:
tun shekaranjiya wata yarinya ke zaune a kai,
ta goyo ƙaninta, ta zuba wa yatsuna ido.

Ban kore ta ba.
Na ce ta matso, rana na dukanta.